Ƙafar Ranar Asabar

Yarinyar ta saki ƙarfen dama, ta saki na hagu, ta tsaya da kanta a tsakiyar ɗakin motsa jiki, hannuwanta a buɗe kamar mai tafiya a kan katanga. Ta ɗaga ƙafar robar a hankali ta dire, ta jawo tata ta gaskiya ta biyo baya. Ta sake. Ta kuma sakewa. Kafin ta kai ƙarshen ƙarafan nan biyu da masu koyon tafiya ke dafawa, bakinta ya ɓalle.

"Anti, kin gani? Ba ta da nauyi fa. Umma, ki jefar da sandunan nan, na gama da su. Baba Injiniya, ana gudu da ita? In ruwa ya taɓa ta fa? Zan iya sa mata jan farce?"

Surutun nan ne ya ja mata sunan Aku tun tana ƙarama, har ya danne sunanta na gaskiya. Amma tun ranar da tifa ta hau ƙafarta a hanyar dawowa daga makaranta, aka yanke daga ƙasan gwiwa, ba a sake jin bakin ya zuba haka ba sai yau. Uwarta tana zaune a kan benci ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

Wadda yarinyar ke kira Anti tana tsaye a bakin ƙofa, rungume da fayil. Ƙanwar uwar ce, ita ce ƙaramarsu, don haka kowa a gida Auta yake ce mata. A wannan asibitin ƙashi kuwa ita ce mai kula da kuɗin inshora: ita ke rubuta wa kamfanoni takardar neman biya, ita ke bin su har su biya. Ita ce kuma ta ce wa yayarta a kawo yarinyar nan, tunda inshorar da ake cira a albashin uban ta haɗa har da ƙafar roba.

Tsohon da ya ƙera ƙafar, wanda duk asibitin ke kira Injiniya ko da yake bai taɓa ce wa kowa shi injiniya ba ne, ya bar ta ta je ta dawo har gumi ya tsatso mata a goshi. Sannan ya durƙusa a gabanta ya fara kwance maɗaurin.

"Ta lalace ne?" in ji Aku.

"Lafiyarta lau."

"To me ya sa kake cirewa?"

Injiniya ya ɗago kai ya dubi Auta, domin daga nan aikin ya tashi daga hannunsa ya koma nata. Ta matso ta tsuguna kusa da yarinyar.

"Za ta ɗan kwana a nan, kin ji. Sai masu inshora sun turo kuɗinta za a ba ki ki tafi da ita."

"Ai tawa ce. Da ƙafata aka yi awonta."

"Taki ce. Ba wanda za ta yi wa daidai a duniyar nan sai ke. Kafin ƙarshen wata za ki tafi da abinki. Ni ce fa ke rubuta musu."

Aku ta bi ƙafar da kallo har Injiniya ya ɗora ta a saman kabad, a jerin wasu ƙafafu da hannaye, kowanne da ƴar takarda a ɗaure. Sannan ta karɓi sandunanta daga hannun uwarta ba tare da ta dubi kowa ba.

* * *

Ba mugunta ce ta sa Likita, mai asibitin, ya kafa dokar ba. A da, da zarar kamfanin inshora ya ba da lambar amincewa, ana ƙera abu a ba mai shi ya tafi, a jira kuɗi daga baya. Haka aka yi ta yi har bashin da asibitin ke bin kamfanoni ya kai inda mai kawo musu ƙarfe da roba ya ce shi ba zai ƙara sauke ko ƙusa ba sai ya ga kuɗi a hannu. Ranar ne Likita ya tara ma'aikata ya ce daga yau ba abin da zai fita ƙofar nan sai an biya. Auta ce ma ta buga sanarwar, ta manna ta a bango da hannunta.

Ofishinta ɗan tsukukun ɗaki ne a bayan wurin karɓar kati, taga ɗaya, fanka mai kuka kamar tsohuwar ƙofa, da kwamfutar da sai an lallashe ta take tashi. Washegarin gwajin ta tura takardar Aku, ta bi kowane layi da yatsa kafin ta danna. Ta san halin mutanen. Ba ta bar musu ko ƙofar allura ba.

Duk da haka takardar ta dawo. Wai hoton dungun ƙafar ba shi da kwanan wata a jiki. Aka kawo yarinyar aka sake ɗauka. Takardar ta tafi, ta yi zamanta, ta sake dawowa: an canza lambar da ake rubuta ƙafar yara da ita, tsohuwar ta daina aiki. Yaushe aka canza? Tun watan jiya. Wa aka gaya wa? Yana nan a shafinsu na intanet. Ta gyara. Kuma duk takardar da ta dawo, ba inda ta tsaya take komawa ba, ƙarshen layi take komawa, kamar ranar aka haife ta.

Waya kuwa ta zama abokiyar zamanta. Ta kira, a sa mata wani kiɗa mai sanyi, wata murya ta riƙa shigowa tana ce mata lafiyarta ce abin da ya fi damunsu. Kiɗan ya shiga kanta har wata safiya ta tsinci kanta tana rera shi a banɗaki, ta yi tsaki ta watsa wa bango ruwa. In an yi sa'a mutum ya ɗauka, ba ya taɓa zama wanda ta yi magana da shi jiya. Sai ta faro labarin daga tifa.

"Muna ba ki haƙuri, Malama. Ana kan dubawa."

"Wa ke dubawar? Ku haɗa ni da shi."

"Ba ya karɓar waya. Sashe ne, ba mutum ba."

Da wata ya ƙare, wani ya kama, suka zo da sabuwa: wai kamfanin lemon da uban yarinyar ke tuƙa wa mota bai gama turo kason ma'aikatansa ba. Baban Aku ya saci jiki daga aiki ya je ofishin ma'aikata ya tambaya. Aka nuna masa a kwamfuta cewa an tura. Da ya nemi a ba shi shaida a takarda, sai mai ofishin ya cire tabarau ya tambaye shi ko ya san yawan direbobin da ke zuwa bakin get kullum da safe suna neman aiki. Ya dawo da hularsa a hannu.

* * *

Ranar wata Lahadi da la'asar Auta ta je gidan yayarta. Ta jima ba ta je ba, kuma ta san dalilin da ya hana ta. Ta tarar da Yaya a tsakar gida tana wanki, Baban Aku a kan kujera yana gyaran wata tsohuwar rediyo da ba ta da niyyar gyaruwa.

"Manyan akawu," in ji shi, yana ƙoƙarin wasan da suka saba. "Yau an tuna da talakawa."

Yaya ba ta ɗago ba. Ta amsa gaisuwar da ƙyar, ta ci gaba da murza rigar da tun ɗazu ta fita.

Aku tana ɗaki a kan katifa, littafi a cinya, ba ta karantawa. Ta daina zuwa makaranta. Ajinsu a bene yake, kuma ranar da ta gwada hawa da sanduna ta zame, yara suka taru a kanta, wasu na taimako, wasu na dariya. Malamin ya ce a bari sai ƙafar ta zo. Da ta ga Auta ta ce, "Anti, sun turo?" Da ta ga amsar a fuskarta sai ta mai da kai kan littafin. Nan maganar ta tsaya. Auta ta fito tsakar gida.

"Zauna, Auta," in ji Yaya, tana yarfe kumfa daga hannu. "Ina so in tambaye ki. Ƙafar nan tana ina yanzu?"

"Kin san inda take, Yaya."

"Ina so in ji daga bakinki."

"Tana saman kabad a ɗakin Injiniya."

"Kina wuce ta kullum?"

"Ina wuce ta."

"Kuma kina da makullin wurin."

Baban Aku ya ajiye rediyon.

"Ba sata na ce ki yi ba," in ji Yaya, muryarta ta fara karyewa. "Abin da aka cire a albashin bawan Allahn nan shekara da shekaru ya sayi ƙafar nan ya yi saura. Ranar cira ba su taɓa makara ba, ba su taɓa cewa hotonsa ba kwanan wata. Ke kika ce mu kawo ta. Ke kika ce kin san hanya. Da na sani da tun farko na sayar da keken ɗinkina da ƴan kunnena, mu je wani wuri."

"Ko kin sayar ba za su kai rabi ba, Yaya. Kuma duk wanda ya biya da hannunsa, inshora rufe takardarsa suke yi, ba sa mayar masa ko kwabo."

"Ji ta. Har maganarsu ta koya."

Wannan ta shiga Auta har ƙashi. Me za ta ce? Ta ce ita ma albashinta na watan jiya bai shigo ba, saboda kuɗin da za a biya su yana hannun mutanen da take kira kullum? Ta ce in ta ɗauko ƙafar za a kore ta, kuma mahaifiyarsu da ita ta dogara wajen magani? Duk gaskiya ne, kuma duk ba zai sa yarinyar ta hau bene ba.

"Ki bar ta haka," in ji Baban Aku a hankali. "Ba ita ta riƙe ba."

"To wa ya riƙe? Ku nuna mini shi in je in durƙusa masa."

Ba wanda ya iya nuna mata.

* * *

Da safe Auta ta tare Likita kafin ya fara ganin marasa lafiya. Mutum ne mai furfura a gefen kai, wanda a ƴan watannin nan ya fi kama da mai bin bashi fiye da mai gyaran ƙashi. Ta roƙe shi ya saki ƙafar, a riƙa cira a albashinta.

Ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Wane albashin? Wanda nake ba ki haƙuri a kansa?"

"Ranka ya daɗe, yarinya ce. Ta daina makaranta."

"Na sani. Ni na duba ta." Ya murza idanu. "Zo ki gani."

Ya ja ta zuwa ɗakin Injiniya, ya nuna saman kabad. "Wannan ta wani mai gadi ce. Wannan hannun na matar da injin niƙa ya ci ne. Waccan ta wani malamin makaranta ce, kullum sai ya kira ni. In na ba ƴar yayarki, me zan ce musu? Cewa su ba su da ƴar'uwa a ofishin kuɗi? In kuma na ba su duka, wata mai zuwa mu rufe ƙofa, wanda zai zo bayansu ba zai samu ko awo ba."

Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne ba ta iya jin haushinsa ba.

Injiniya ne ya sa baki daga inda yake goge wani ƙarfe. "Doka ta ce kada ta fita ƙofa. Ba ta ce kada a sa ta a ciki ba. A riƙa kawo ta ranar Asabar, ba mutane. Ta sa abinta ta yi tafiya, kada jikinta ya manta."

Haka aka yi. Duk Asabar Yaya takan kawo ta, Injiniya ya sauko da ƙafar ya kakkaɓe ƙura, Aku ta ɗaura ta yi ta kai da komo a barandar asibitin, daga wurin karɓar kati zuwa ƙofar ɗakin hoto. Ta koyi juyawa, ta koyi hawa matakalar bakin ƙofa ta ciki. In azahar ta yi a kwance a mayar sama. Mai sharar asibitin ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inda ake zuwa wa ƙafa ziyara kamar ɗan kurkuku ba. Aka yi dariya, ban da Yaya.

Wata Asabar Aku ta ce wurin gwiwa yana matse ta. Injiniya ya rage kaurin safar da ake sawa a kan dungun. Bayan ƴan makonni ya cire ta ciki gaba ɗaya, ya sa mai laushi. Ya kwance ƙusar ƙasa ya ƙara wa ƙarfen tsawo. Ranar da ya sake ƙarawa, ya jira har uwa da ƴa suka fita, sannan ya leƙo ofishin Auta.

"Ƴata, ki matsa musu. Yarinyar nan girma take yi. Tsawon na kai shi ƙarshe, mazaunin dungun kuma ba ya buɗewa, yadda aka zuba shi haka yake. Babba zai iya jira. Ita ba za ta iya ba."

* * *

Ranar Litinin Auta ba ta ɗauki waya ba. Ta shiga ɗakin Injiniya, ta taka kujera, ta sauko da ƙafar ta sa a babbar jakar leda. Tsohon ya dube ta ta saman tabarau.

"Zan dawo da ita kafin a tashi," ta ce.

"Ni ban ga komai ba. Idona ya yi rauni."

Ofishin kamfanin inshorar yana hawa na sama a wani dogon gini mai gilashi. Sanyin ciki ya sa gumin da ta kwaso a motar haya ya bushe mata a jiki nan take. A bango akwai hoton wani iyali suna dariya a kan ciyawa, dukansu da haƙora farare da ƙafafu bibbiyu. Sakatariya ta ce jami'in da ke kula da asibitoci yana taro. Auta ta ce za ta jira. Ta jira har mutanen da ta tarar suka watse, wasu suka zo suka watse. Da ta ga an shiga masa da abinci, ta miƙe ta bi bayan mai tiren.

Saurayi ne, bai fi sa'anta ba, da kwat da agogo mai kyau. Ya gane ta, don ba yau ta fara zuwa ba.

"Malama, ai da kin kira."

Ta zaro ƙafar daga leda ta tsayar da ita a kan teburinsa, tsakanin kwamfuta da farantin abincin. Ƙafar ta tsaya cak, da ɗan takalmin makaranta baƙi a jiki.

Ya ja kujera baya. "Mene ne haka?"

"Takardar da kuka ce ana dubawa ce. Na ga kamar ba ku gane ta a rubuce ba."

"Don Allah ki sauke wannan abin."

"Yallaɓai, mai ita shekararta tara. Ku kuka ba da lambar amincewa kafin a ƙera. Duk abin da kuka nema na kawo. Yau ina so ka faɗa mini abin da ya rage, in na kawo shi ba za ku sake neman wani ba."

Ya dubi ƙofa, ya tashi ya tura ta, ya dawo ya zauna. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka, ta zama ta mutum.

"Ba abin da ya rage. Takardarki lafiya lau take tun tuni."

"To me ake jira?"

"Ni ba ni ke sakin kuɗi ba. Ni ma abin da aka ce in faɗa nake faɗa, kuma ana duba ni a kan yawan abin da na hana fita, ba abin da na biya ba." Ya juya biro a hannu. "Mun rubuta wa mai asibitinku tun kwanaki. In ya yarda a yafe kashi ɗaya cikin uku na duk abin da yake bin mu, za a biya sauran a mako guda, har da wannan. In bai yarda ba, kowace takarda za ta bi layi."

"Layin da ba ya tafiya."

Bai musa ba. Ya dubi ƙafar, ya kau da kai. "Sauran asibitocin duk sun sa hannu. Kowa yana gajiya."

Ta so ta ɗaga murya, ta so ta kife farantin nan, ta so a kira masu gadi su fitar da ita kowa ya gani. Amma ta dube shi ta ga ba shi ba ne wanda Yaya ke nema. Shi ma wani ne ke tsaye a bayansa, wancan ma da wani a bayansa, har zuwa inda ba fuska. Ta mai da ƙafar cikin leda. A motar haya ta ɗora ta a cinya, wata mata da ke kusa da ita ta ga takalmin ya leƙo, ta matsa gefe.

Likita ya saurare ta har ta gama. Bai tambaye ta yadda ƙafar ta fita ba.

"Kashi ɗaya cikin ukun nan shi ne albashinku," ya ce. "Shi ne kuɗin wuta da haya. Sun san haka. In na sa hannu yau, baɗi rabi za su nema."

Ya ƙi. Ya yi ta ƙi har ma'aikatan jinya biyu suka ajiye aiki, har aka zo aka yanke wutar asibitin rana tsaka, yana tsakiyar ɗaure wa wani yaro karaya. Washegari ya kira Auta ya ce ta kawo takardar masu inshorar. Ya sa hannu ba tare da ya zauna ba.

* * *

Kuɗin ya shigo kamar yadda suka faɗa, ba ko jinkirin yini. Auta ta daɗe tana kallon saƙon bankin, tana mamakin yadda abin ya zo da sauƙi haka.

Aku ta zo cikin kayan makaranta, an guge su har suna sheƙi, ko da yake siket ɗin ya ɗage mata. Baban Aku ya ɗauki hutun rabin yini. Yaya ta gai da Auta da fara'ar da ta daɗe ba ta gani ba, har ta kama hannunta ta matse. Asabar ɗin baya-bayan nan ba su zo ba, saboda yarinyar ta ce ta gaji da zuwa tana komawa hannu wofi.

Injiniya ya sauko da ƙafar, ya tsinke ƴar takardar da ke jiki. Ya durƙusa, ya sa safa mafi laushi, ya tura. Dungun ya shiga rabi ya tsaya. Ya cire, ya shafa hoda, ya sake turawa. Aku ta cije leɓe, ta danna da ƙarfinta har ya faɗa ciki. Da ta miƙe, kafaɗarta ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama.

Tsohon ya zauna a kan dugadugansa.

"Ta yi mata kaɗan," ya ce. "In ta yini da ita, fatar za ta saluɓe. Sabon mazauni take bukata, da sabon ƙarfe."

"To a yi sabon," in ji Baban Aku. "Ai yanzu sun fara biya."

Duk suka juyo ga Auta. Ta riga ta san amsar, don ita ce ke karanta ƙananan rubutun da ba wanda ke karantawa.

"Ƙafa ɗaya suke biya a shekara uku," ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "A wurinsu yau ta karɓi tata."

Yaya ta saki hannunta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai koma kan benci ta zauna, ta zuba wa bango ido.

"Ta yi mini daidai," in ji Aku da sauri. "Baba Injiniya, wallahi ta yi. Ku duba." Ta taka, ta sake takawa, tana tangaɗi kamar jirgin ruwa, murmushi a manne a fuskarta, jijiyar wuyanta a miƙe. Ta je bango ta dawo. Da ta iso kusa da Auta ta kama rigarta kamar za ta gyara tsayuwa, ta jawo ta ƙasa, ta sa baki a kunnenta.

"Anti, kada ki gaya musu tana yi mini zafi. Za su mayar da ita sama."

Injiniya ya ce su tafi da ita, tasu ce, amma kada ta wuce ɗan lokaci a jiki. Ya ce zai duba cikin ragowar kayan da ke sito ko Allah zai sa a dace, ya faɗa yana kallon ƙasa. Aku ta ƙi yarda a cire. Ta ce da ƙafarta za ta fita.

Auta ta koma ofis. Akwai tarin takardun da za ta rufe a ranar, na mai gadi, na matar injin niƙa, na malamin makaranta. Ta zauna, ta kasa taɓa ko ɗaya. Ta tashi ta tsaya a taga.

Suna tsallaka filin ajiye motoci. Uban yana gaba zai tare abin hawa. Aku tana tsakiya, kai a sama, kafaɗa ɗaya a karkace, tana jefa ƙafar tana bin ta. Yaya tana baya da sandunan a hammata. Maigadi ya buɗe musu ƙaramar ƙofa yana yi wa yarinyar barka, ta ɗaga masa hannu. Suka fita, suka bi gefen katanga.

Sai da suka wuce inda maigadin zai iya hango su yarinyar ta tsaya. Ta waiwaya ta dubi ginin asibitin, ta tabbatar ba mai kallo. Sannan ta jingina da katangar, ta miƙa wa uwarta hannu ta karɓi sandunan.